Katin Kyamarar Abdulwadud

Hoto uku na gani a kyamarar ɗana Abdulwadud, duk na jirgin saman yaƙi, na kashe ta. Kowane hutu sai ya bar Makka, wai ya tafi Tabuk. Na ce miyagun mutane sun ja shi. Ban tambaye shi ba, na zare katin na daka a turmi.

Bayan wata biyu Allah ya karɓi abinsa.

Abokinsa Talal ya zo ta'aziyya, na tsare shi. "Faɗa min gaskiya, jirgin su wane ne?"

"Umma, mushen jirgi ne a bakin teku, ya fi shekara hamsin. Kin san ba ya yarda a ɗauke shi hoto, amma a gindin fiffiken nan ya yarda, har da dariya. Kawo katin in wanko miki."