Makullin da Ke Aljihun Mai Turare

Tunda ka ce jibi ne masu aiki za su zo su kafa maka ƙofar gilashin nan mai aiki da lantarki, gyara zama in ba ka labarin wani mai sayar da turare. Mutumin kirki ne, ba rowa, ba hayaniya. Abu ɗaya ne ya taɓa shi a rayuwa: ɓarayi sun taɓa fasa masa shago suka yashe shi tas, ko kwalaben da babu komai a ciki ba su bari ba. Ya sha wuya kafin ya sake farfaɗowa. Ka kuwa san wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Da Allah ya hore masa sabon shago, sai ya sa ƙofar gilashi mai kauri, irin wadda ba ta buɗuwa, ta ciki ko ta waje, sai an kara mata kati. Mai haɗa ƙofar ya ce masa makullin iri biyu ne: akwai mai saki da kansa in an ɗauke wuta, akwai mai ci gaba da cijewa. Mai turare ya yi dariya, ya ce a garin da ake ɗauke wuta kafin mutum ya gama alwala, ai ɓarawo ya huta, inuwa kawai zai samu ya zauna ya jira. Ya zaɓi mai cijewa. Mai aikin bai ja da shi ba, amma ya kafa masa wani ɗan koren akwati daga ciki, gefen ƙofar, da hannun ƙarfe na ja a cikinsa, ya ce da wuta ko babu, duk wanda ya ja hannun nan ƙofa za ta saki. Ya kuma rataye 'yar guduma mai tsini kusa da shi, don fasa gilashi in abu ya ƙi. Mai turare ya yi ta juya abin a ransa. To in wani ya shigo kamar mai saye, ya suri kwalbar miski, ya ja hannun ya arce fa? Sai ya kira mai walda ya yi wa akwatin murfin ƙarfe, ya ɗana masa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Gudumar kuwa gida ya kai ta, yara suka samu abin fasa goruba.

Da bazara ta kama, mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye neman maganin ciwon gwiwa. Zafin gidan ya dame ta, sai ya riƙa tafiya da ita shago, ta zauna a bayan kanta tana jan carbi cikin sanyin na'ura, tana yi masa tsiya wai ya mai da shago randa. Wata ranar Juma'a ya shimfiɗa mata darduma, ya fita ya ja ƙofa ta kulle, don kada wani ya shigo ya dame ta. Wallahi don ƙauna ya yi. Yana masallaci aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi, wayar lantarki ta kama da wuta a bayan shiryayyun kwalabe. Turare kuwa ga wuta kamar fetur yake. Ya dawo da sallaya a kafaɗa, ya hangi mutane sun yi cincirindo a ƙofar shagonsa. Ya kutsa ya kara kati, shiru, don wutar ta riga ta cinye wayoyin. Gilashin nan da yake gogewa kowace safiya bai ɓoye masa komai ba. Ga tsohuwa nan cikin hayaƙi, ta lalubo koren akwatin, ta kama kwaɗon da hannu biyu tana jijjigawa. Ya sa hannu a aljihu, ya ji makullin. Ni dai ban san ciwon da ya kai wannan ba, ɗa a waje da makulli, uwa a ciki da kwaɗo, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Aka yi ta jifan ƙofar da duwatsu suna dawowa, ai dama don haka ya sayi mai kaurin. Sai da wani mai faci ya sheƙo da ƙarfen da yake ɓamɓarar tayar babbar mota da shi, ya yi ta dukan kusurwar gilashin, sannan ya ruguje. Aka fito da ita da rai, amma hayaƙi ya riga ya yi aikinsa a ƙirjinta.

A asibiti ya durƙusa gefen gadonta, ya ga tafin hannunta duk ya saɓule wurin jan kwaɗo, ya fashe da kuka. Tsohuwa ta ɗora hannun a kansa, ta ce, "Bar kuka, ɗan nan. Na sani tsoro ne ya sa ka rufe, ba mugunta ba." Ba ta ga wata Juma'ar ba.

Yanzu ya sake gyara shagon, kuma ƙofar gilashi ce dai. Amma koren akwatin a buɗe yake, an sauko da shi daidai inda hannun tsohuwa mai zaune zai kai, ga guduma a gefensa. Duk wanda ya shigo zai daɗe, kafin a kawo masa ruwa sai mai turare ya nuna masa yadda ake fita. Har yau ban ji an ce wani ya gudu masa da ko kwalba ɗaya ba. Don haka in masu aikinka sun zo, kafin ka tambaye su yadda ƙofar za ta hana na waje shiga, tambaye su yadda na ciki zai fita ranar da wuta ta mutu kai kuma ba ka nan. Mai turare ya tsare kwalabe ya rasa uwa, shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira, aka rasa ido.