Belbeji Ba Ta Ji Ba

"Falalu, na'urarku ta Belbeji ta daina karɓar bayanai," in ji Madam Zuhaira, shugabarsa, ta waya. "Duk abin da asibiti ya shigar nan Tanout, nan take na'urar Gangara ke kwafa. Taku kuwa tun Laraba tsohon labari take bayarwa."

"Rezo ne, Madam, matsalar layin sadarwa. Zan duba."

Shayinsa ya huce, bai taɓa ba. Ya sake neman sunan matarsa a na'urar. Hajjo: ciki wata tara, lafiya lau, ta dawo awo Litinin.

Ya daɗe yana kallo. Igiyar rezon da ya zare tana aljihunsa.

In ya mayar da ita, Belbeji ma za ta ji cewa Hajjo ta rasu a Tanout.