Ƙoƙon alwalar Kaka

Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen rairayin bayan rumbunmu a Kanan-Bakashe. Ina yarinya, na tsuguna alwalar la'asar, in wanke fuska in sake, don da na gama sai wata murya a raina ta ce ban yi daidai ba, har ta jefo mini mummunar magana a kan Allah. Rabin tulun da Inna ta ɗauko daga rijiya mai nisa ya tafi ƙasa.

Kaka ta tarar da ni ina kuka. Na faɗa mata maganar da muryar ta jefo mini, na ce Allah ba zai karɓi sallata ba.

"Ke 'yar nan, ke kika kirawo maganar?"

"A'a, Kaka."

"Kina sonta?"

"Wallahi ba ni so."

"To ba taki ba ce."

Ta cika ɗan ƙoƙonta mai ɗinki a baki, ta miƙo mini. "Wannan kaɗai. In ya ƙare, alwala ta ƙare, ko da muryar ta yi ta surutu."

Muryar kuwa ta yi surutun. Amma na yi alwala da ƙoƙon, na ta da salla bayan Kaka, har na kai sallama.

Muryar tana leƙo ni har da tsufana, sai dai ban ƙara fasa salla dominta ba. Allah ya jiƙan Kaka.