Faifan Wutar Gidan Inna

Karo na uku ke nan Ladingo tana kai faifan gidansu ofishin lantarki. Ta wannan baƙin faifai wuta ke shiga kowane gida yanzu. Nasu kuwa ko firij ya kasa tayarwa, ga allurar ciwon sukarin Inna tana lalacewa a zafi.

Malam Sallau, ma'aikacin wurin, ya duba shi da madubin ƙara girma.

"Hajiya, lafiyarsa ƙalau. Ƙwayoyin da aka haɗa shi da su ne ƙanana, iyakokin da ke tsakaninsu sun yi yawa, sai wuta take wahalar tsallakewa."

"To a canja mini mai manyan ƙwayoyi mana!"

"Irin wannan aka rubuta wa unguwarku."

"Haba Malam! An ce in aka ɗora masa maganaɗisu..."

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ban ji ba. Shekara biyu ce a gidan yari."

Ta koma gida tana huci, ta mayar da faifan mazauninsa. Ta fasa tsohuwar rediyon marigayi Baba, ta ciro maganaɗisun lasifika, ta ɗora a kan faifan. Firij ya kama ƙugi. Sai ta jawo turmi babu komai a ciki ta hau daka, kada maƙwabta su ji ƙugin.