Masuncin da Ya Daina Tuɓe Riga

Tunda ka ce harshenka nauyi yake yi in za ka ce "ban sani ba" a gaban marar lafiya, zauna in ba ka misali.

An yi wani likita a wani gari na bakin kogi, ya daɗe a wurin har jariran da aka haifa a hannunsa suka girma suna kawo masa nasu. Ya san wanda jininsa ke hawa in damina ta yi gardama, ya san wadda ke cusa ƙwaya ƙarƙashin tabarma ta rantse ta sha. Cikin mutanensa akwai wani dattijo masunci, ƙaƙƙarfa, wanda in ya tuɓe riga ya faɗa ruwa samari ke ba shi wuri. Da fitsari ya soma yi wa dattijon wuya, likitan ya tura shi babban asibitin birni. Can aka gano ciwon daji a ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka ɗora shi kan wata allura duk bayan wata uku. Likita ya ce alhamdu lillahi, kaya ya tsinke a gindin kaba, ya cire abin daga ransa. Su kuwa na birni, da layin marasa lafiya har bakin ƙofa, suka ɗauka ai likitansa na gida zai yi masa bayanin abin da allurar ke jawowa. Kowa ya bar wa kowa.

Ba a jima ba dattijo ya zo yana cewa wani zafi na taso masa daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa shi sharkaf ko da sanyin safiya, sannan ta wuce kamar ba a yi ba. Likita, da yake rabin rayuwarsa zazzaɓin cizon sauro yake gani, ya ba shi maganin zazzaɓi. Ya dawo, ya ba shi na taifod. Ya sake dawowa da kasala da tumbi, ya ce masa tsufa ne. Sai ran nan likita ya bi ta bakin kogi ana su, wato kamun kifi, kowa ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ya hangi dattijon zaune a tudu cikin riga mai kauri, ga rana ta take, yana jagwalgwala komar da ba inda ta yage. Ya ja ya tsaya, don ya san wannan mutumin ba ya kallon ruwa daga nesa. Ya sa aka kira masa shi, ya rufe ƙofa, ya yi ta lallashi kafin dattijo ya ɗaga rigar. Ƙirjin ya kumbura, ga ciwo in an taɓa. Kansa a sunkuye ya faɗi sauran: sha'awar iyali ta mutu, ya kasa gaya wa likitar birni don sa'ar 'yarsa ce, kuma ya gama yarda sammu aka yi masa, allura ba ta da abin yi a nan. Ranar allurar ta matso, shi kuwa ya riga ya yanke ba zai koma ba, wurin wani mai magani zai nufa. Ya ce, "Likita, in dai haka ne, gara ciwon ya kashe ni ina namiji."

Amsa na nan a bakin likita, irin wadda ake faɗa don a fita kunya, kuma da ya faɗa dattijo zai karɓa ya tafi. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Amma ba za ka bar ɗakin nan ba sai mun sani." Ya ɗauki waya ya nemi likitar birnin nan da ya kusa haifa, ya tambaye ta kamar ɗalibi. Ta ce masa ciwon da sinadarin mazantaka yake rayuwa, allurar kuwa aikinta ta hana shi wannan abincin, saboda haka zafin da zufar da kumburin da mutuwar sha'awar duk sawun maganin ne, kuma akwai abin da ke sassauta su. Gwajin dattijo na baya ya nuna ciwon ya kwanta, barin allurar ne zai tashe shi. Ta ƙara da cewa ya riƙa duba masa suga da hawan jini da ƙarfin ƙashi, kuma kada a bar shi ya zauna, tuƙin kwalekwale ma magani ne. Likita ya juya ya mayar wa dattijo da bayanin dalla-dalla. Dattijo ya shafa ƙirjinsa, ya ce, "Ashe ba hannu aka sa mini ba?" Sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Likita ya ji wani sanyi ya sauka masa a zuciya, ya ga irin ramin da suka tsaya a bakinsa su biyu.

Dattijo ya je ya karɓi allurarsa. Sugan da aka auna ashe ya fara hawa, aka tare shi da wuri. Ya koma ruwa da 'yar singileti, duk saurayin da ya yi masa dariya ya ce ya zo su gwada ninkaya. Likitan kuwa tun daga ranar bai ƙara tura mutum birni ya manta da shi ba, sai ya bi ya ji me aka ba shi, me kuma zai jawo masa. Girmansa bai ragu da ko ƙwayar gero ba, ga masunci na raye yana kawo masa kifi. Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.