Kilo Biyar na Maigida

Sikeli na huɗu na hau a shagon, shi ma ya ce kilo saba'in da biyar.

"Ɗana, kayanka duk maƙaryata ne," na ce wa mai shagon. "Saba'in nake cif. Namu da ya fashe, a nan maigidana ya sayo shi, bai taɓa kuskure ba. Shi ya nuna maigidan ya sauko zuwa casa'in, na ƙyale shi ya koma cin soyayyen naman da likita ya hana shi."

Ya sosa ƙeya.

"Mama, tsoho mai sanƙo? Ai shi ya ce in murɗa masa, ya riƙa rage kilo biyar."

Na miƙa masa wanda na hau.

"Sa min wannan a leda. Yau akwai awo kafin a ci abinci."