Jirgin Ƙarfe Shida

"Baba, bari in kama hanya, jirgina na ƙarfe shida ne."

Tsohon ya ɗago kai daga kwanon furar da ko rabi ba su sha ba. Ɗazu da hantsi ɗan nasa ya iso Kademi daga Abuja.

"Yau ɗin? Na sa an share maka ɗaki fa."

"Ai yanzu tafiyar ta yi sauƙi, Baba. Kamfanonin jirgin sama gasa suke, kowa na karya farashi. Wata mai zuwa ma zan leƙo."

A da, da mota yake zuwa. Hanya takan gajiyar da shi, sai ya kwana uku yana hutawa, su je gona tare, su daɗe a zaure suna hira. Tun rasuwar mahaifiyarsa, a kwana ukun nan kaɗai ake jin murya biyu a gidan.

Tsohon ya raka shi bakin titi, ya tsaya har motar da ɗan ya shiga ta ɓace.

Maƙwabcinsa ya ce, "Malam, ka ji daɗi. Allah ya ƙara karya kuɗin jirgin nan."

Tsohon ya buɗe baki zai ce amin, sai ya fasa, ya juya gida.